Ki Ce Mata Ta Dasa

Katsina,
Watan Oktoba.

Zuwa ga taubashina Abdurrahim, sarkin ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Ya teku, ya kaɗaici? Ina fatan Kausar da yara suna lafiya a Legas. Mu nan sai godiyar Allah. Maigidana ya ɗan sha zazzaɓi, ya warware. Baba Salihu kuwa, dattijon danginmu, ƙafar nan ce dai ke damunsa, amma bakinsa lafiya ƙalau.

Na san za ka ce me ya hana Zara saƙon murya, ita da ba ta gajiya da magana. To, zancen gona ne, shi kuwa a gidanmu ba a barinsa a iska. Na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton takardar in turo maka, ka gani duk ranar da jirginku ya ga dama ya matso kusa da mutane. Kuma ka tuna kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, don haka in na zage ka a ciki sai ka haɗiye.

Inna Mairo ta kawo damin geronka na bana. Ka tuna ta kuwa? Matar marigayi Malam Audu, maƙwabcinku na Ƙofar Kaura. Ita ce mahaifinka Baba Badamasi, Allah ya jiƙansa, ya ara wa gonar bayan Kambarawa lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Sama da shekara ashirin ke nan, kuma ba a taɓa yin kakar da ba ta kawo damin nan ba. Tun da aka rufe gidanku ka ce ni ce wakiliyarka, ƙofata take kawo shi. A ka ta ɗauko shi, Abdurrahim, mace mai jikoki. Na ce Inna ai da kin sa a amalanke. Ta ce ita ta fi so unguwa ta gani, kowa ya shaida gonar tana da mai ita.

Na bi ta na ga gonar, kuma ba za ka gane wurin ba. Gari ya cim mata, gidajen bulo ta gabas da ta arewa, har da mai cajin waya a bakin hanya. Gonakin da suka rage duk sun gaji, ƙasa fara fat, sai tata kaɗai ke da duhu. Gero, wake, riɗi, yakuwa, ba inda ta bari fili. Na tsaya ina kallon matar nan, na ji kunyar ɗan fulawar da na kasa rayawa a tsakar gidana.

Abin da ya sosa mani rai shi ne zogale. Duk damina tana shuka shi jere-jere, ta tsinki ganye ta shanya ta sayar. Na same ta tana tumɓuke shi, wasu har sun fi ni tsawo. Na ce Inna ba kya tausayinsa? Ta ɗago ta ce, "Zara, gonar aro ce." Ta koma kan aikinta.

Ka faɗa mani yadda zan yi da geron, kafin ɓeraye su yanke maka shawara.

Taubashiyarka,
Zara.

*

Tashar jiragen ruwa ta Abijan,
Watan Disamba.

Zuwa ga Malama Zara, uwar surutu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na ji daɗin jin lafiyarku. A gaida maigida, a yi wa Baba Salihu sannu da ƙafa. Kausar da yara lafiya, jiya na ji muryarsu. Rubutunki dai har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda, ban san yadda ɗalibanki ke fama ba.

Geron ki yi fura da shi, ki sha rabi ki ba maƙwabta rabi. Inna Mairo na tuna ta sarai. Ita ce ke ba ni ƙuli-ƙuli in na dawo hutu daga makarantar kwana. Ban san har yanzu tana wahalar ɗaukar dami ba, Allah ya saka mata.

Maganar zogale ce ta tsaya mani. A nan tashar na ga ana loda garin zogale da busasshen mangwaro za a kai ƙasashen waje, ni kuwa ga tawa ƙasar ana tumɓuke shi da hannu. Don gonar aro ce sai me? Ki ce mata ta dasa. Ta dasa zogale, ta dasa mangwaro, ta dasa duk abin da ranta ke so, in ma za ta iya haƙa rijiya ta haƙa. Mace mai hannu irin wannan bai kamata a ɗaure ta ba.

Gobe za mu ɗaga zuwa kudu, tafiya mai nisa. In kin ji ni shiru, ba kifi ne ya haɗiye ni ba, sabis ne babu.

Naki,
Abdurrahim.

*

Katsina,
Watan Maris.

Zuwa ga Abdurrahim ɗan halak,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya duk inda ruwa ya kai ka. Mu lafiya, zafi ne dai ya fara shigowa. Yau ba zan tsokane ka ba, ko da wasa. Na daɗe ina yi maka kallon mutumin da inji ya cinye wa zuciya, ashe ban san ka ba.

Da na karanta takardarka sai da na maimaita layin nan, na tabbatar idona ba gizo yake mani ba. Na ce wannan ba maganar da zan kai ni kaɗai ba ce. Na ɗauki Baba Salihu a Keke Napep, muka biya wa mai unguwa, muka je gidan Inna Mairo. A zaure na karanta musu da ƙarfi. Da na kai wurin "ki ce mata ta dasa", Baba Salihu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Inna Mairo ta ce, "Mi kika ce? Sake mani." Na sake. Ta ce, "Har rijiya?" Na ce har rijiya. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Mai unguwa ya ce, "To, mun ji, mun shaida. Ɗan Badamasi ya bar mata gona." Aka shafa fatiha. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ka zo ka ga abin da mace ke yi in aka kwance ta. Ta sayar da awakinta, ta kira masu haƙar rijiya tun rani bai yi nisa ba, suka sami ruwa ta gangaren nan na kudu, aka ɗaure bakin da siminti. Ta je wurin masu renon itatuwa ta zaɓo mangwaro mai aure, da gwaba, da lemo. Ba ta yarda kowa ya zaɓar mata ba, ɗaya bayan ɗaya ta riƙa duba ganyensu. Ta sa an zubo mata takin da ba ta taɓa zuba irinsa ba, don ta ce da can in ta gyara ƙasar da yawa tsoro take ji kada ta yi kyan da za a karɓe. Kowane dashe ta kewaye shi da ƙaya saboda awakin unguwa. Safe da yamma tana can da guga.

Ɗanta Habibu, wanda ke leburanci a Abuja, ya ce in damina ta faɗi zai dawo gida su kama aikin tare. Matarsa baki har kunne.

Allah ya jiƙan Baba Badamasi, ya bar baya. Allah ya tsare mana kai a kan ruwan nan.

Taka,
Zara.

*

Cikin jirgi,
Watan Afrilu.

Zara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara da Baba Salihu. Da wayar wani abokin aikina nake turo wannan. Tawa ta faɗa cikin baƙin mai a ɗakin inji tun watan jiya, don haka in kin aiko da wani abu ban gani ba. Ki riƙa turowa ta wannan lambar.

Lafiyata da sauƙi, amma akwai magana. Likitan kamfani ya gwada kunnuwana. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ma ya fara. Ƙarar inji ce ta shekara da shekaru. Ya ce in na ƙarasa wannan kwantiragi, shi ke nan, ba zai sake sa mani hannu in hau jirgi ba. Ban faɗa wa kowa ba sai Kausar, sai ke yanzu. Ina tsoro, Zara. Ban iya komai ba sai inji, ga yara duk suna makaranta.

Abin da na mallaka a duniya mai daraja gonar nan ce. Tunda kin ce gari ya cim mata, ki roƙar mani Baba Salihu ya nemo masu awo su yanka ta fuloti-fuloti bayan kaka. Zan sayar, in gina ɗan gida, in buɗe wurin gyaran injuna a Katsina. Ki sanar da Inna Mairo cikin mutunci cewa daminar bana ce ta ƙarshe, don kada abin ya zo mata ba shiri. Ke kin fi ni iya magana.

Ki sa ni a addu'a.

Abdurrahim.

*

Katsina,
Watan Mayu.

Abdurrahim,

Wa alaikumus salam. Mu lafiya. Labarin kunnenka ya tayar mani da hankali ƙwarai, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na fara da wannan don kada ka ce ban damu ba. Na haɗo maka da takardata ta watan Maris da ba ka gani ba. Ka ajiye wannan, ka karanta waccan tukuna, sannan ka dawo.

Ka karanta? To, ka ga inda ka jefa ni.

Da farko raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na ce mutum ya yi kyauta a gaban shaidu, ya dawo ya lashe? Sai da na huce na sake duba takardarka ta Disamba. Anya ka san abin da ka rubuta kuwa? A wajenmu mai aron gona hatsi yake shukawa, abin da zai girbe ya tashi. Ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, domin itace da rijiya shaidar mallaka ce. Gobe in aka yi gardama, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya dasa wancan mangwaron. Shi ya sa take tumɓuke zogale kafin ya zama bishiya, don kada wata rana a ce ta ci amanar mahaifinka. Saboda haka in mai gona ya buɗe baki ya ce wa mai aro "dasa", ya gama magana, ya ba shi ke nan. Duk wanda ya zauna a zauren nan haka ya ji, har da ni.

Na fara kai wa Baba Salihu. Ya ce magana ta riga ta fita gaban mai unguwa, in Mairo ta tsaya a kanta ba mai iya ture ta cikin sauƙi, kuma shi ba zai ƙaryata kunnensa ba. Na yi ta jan ƙafa, amma dole na je.

Na same ta a bakin rijiya. Na faɗa mata duka, har da zancen kunnenka. Na ƙara da abin da Baba Salihu ya ce, don kada in ɓoye mata haƙƙinta. Ta ajiye guga ta ce in sake karanto mata takardar farko a hankali. Da na gama ta ce, "Zara, bai ce ya ba ni ba. Mu ne muka ji abin da muke son ji. Yaron nan tun shina ƙarami ya bar gari, ina zai san wagga magana? Ni ba ni cin kyautar kuskure." Sannan ta ce, "Kunnen nashi, ba a samun magani?" Wallahi tambayar da ta yi ke nan, ita da aka zo yi wa sallama.

Washegari na koma don hankalina bai kwanta ba. Na tarar tana haƙe dashen. Ba fizge su take ba, tana zagaya kowanne da fartanya, ta ɗago shi da ƙasarsa, ta sa a buhun siminti. Na riƙe hannunta na ce ta jira amsarka. Ta ce a'a, kowace rana saiwa ƙara kamawa take, kuma ba ta so masu saye su zo su ga itacenta a gonarka su ce akwai rigima a kanta, farashi ya faɗi. Rijiya kuwa ta ce ba ta ciruwa, don haka ta bar ta sadaka, ladan ya kai wa Baba Badamasi.

Yanzu itatuwan suna jere a tsakar gidanta na Ƙofar Kaura, ko wurin shanya babu. Ta aika wa Habibu ya yi zamansa a Abuja. Awaki sun tafi.

Ban ce ka fasa ba. Gonarka ce, lalurarka gaskiya ce. Amma ba zan iya yin kamar ban ga abin da na gani ba.

Zara.

*

Cikin jirgi,
Watan Yuni.

'Yar'uwata Zara,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Kunne yana nan yadda yake, na gode da addu'a.

Na karanta takardun biyu a jere. Wallahi shawara na bayar, irin wadda mutum ke ba wa maƙwabci. Ban taɓa riƙe fartanya ba, ke ma kin sani. Ina ganin damin nan tun ina yaro, na ɗauka alheri ne kawai irin na maƙwabta. Da wani ne aka yi wa haka, da yanzu muna gaban alƙali, kuma da ban ga laifinsa ba. Ita kuwa farashin gonata take tsare mani. Ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ga abin da na yanke. Gefen hanya kawai za a yanka. Gefen rijiya ta mayar da itatuwanta, ta ci gaba da nomanta iya tsawon ranta, ba mai tashinta. Na yi alkawari, ke ce shaida. Kada ta sake kawo dami. Ki gaggauta faɗa mata tun ruwa na sauka.

Naki,
Abdurrahim.

*

Katsina,
Watan Yuli.

Zuwa ga Abdurrahim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta kankama, Alhamdu lillahi. Ina fatan jiki da sauƙi. Na yi waya da Kausar, ta ce ƙaraminku ya yi kaciya lafiya, Allah ya raya.

Da gudu na kai saƙonka, ina murna na ɗauko abin kirki. Inna Mairo ta saurara, ta sa maka albarka har sai da na gaji da amin. Sannan ta ce ba za ta mayar da itatuwan ba.

Na ce Inna, alkawari fa ya yi. Ta ce, "Shi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma rai na Allah ne, shi kuma kan ruwa yake. Ɗiyanshi ba su taɓa ganina ba. Ran da suka zo da masu awo, in ce masu mi? In ce ubanku ya hwaɗi ma Zara? In kuma ni na riga shi tahiya, Habibu ya tashi ya bar mangwaron da ya yi ma ban-ruwa? Gero zan shuka, in gode. Aro dai aro ne, ko an ƙara mashi tsawo."

A hanyar dawowa na riƙa kallon gonakin da ke kewaye da taka. Kusan duk masu noma su aro ne ko haya, masu su suna Abuja ko Kaduna suna jiran ƙasa ta yi tsada. Ba mai zuba taki, ba mai dasa ko bishiyar inuwa. Da ina cewa lalaci ne. Yanzu na gane ba wanda zai zuba ƙarfinsa a inda za a iya ce masa tashi da rana tsaka. Akwai ƙungiyar mata manoma da ke taimaka wa 'ya'yanta su sami injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Inna Mairo ta fi duk matan cikinta iya noma, su da kansu suke faɗa, amma abin da ake fara tambaya shi ne takardar gona da sunanka a jiki, ita kuwa ba ta da ko ƙyalle.

Itatuwan suna shan wuya a buhu. Lemo biyu sun bushe, gwaba ta fara zubar da ganye. Duk da haka kullum sai ta bi su da buta. Na tambaye ta amfanin wahalar, ta ce in ba ta sami inda za ta sa su ba za ta raba wa masu gidan kansu, su dai kada su mutu a hannunta. In ruwan bana ya ɗauke suna cikin buhu, ba na jin za su kai baɗi.

Ba roƙonka nake ba. Labari nake ba ka, tunda aikina ke nan.

Zara.

*

Katsina,
Farkon Agusta.

Abdurrahim,

Sallama da gaisuwa. Shiru ya yi yawa. In fushi ka yi, ka faɗa, na saba. In jiki ne, ka sa abokin naka ya turo ko kalma ɗaya. Baba Salihu yana tambaya ko ya kira masu awo, na ce ya dakata. Ana ta ruwa.

Zara.

*

Legas,
Tsakiyar Agusta.

Zuwa ga Zara,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri, ba fushi ba ne. An sauke ni daga jirgi tun kafin kwantiragi ya ƙare, na yi kwanaki ina zirga-zirgar asibiti. An sa mani na'urar ji a kunnen dama. Yanzu ina gida, yara na ta ihu, ina jin rabi ina gode wa Allah. A gaida maigida da Baba Salihu.

Maganar Inna Mairo ta hana ni sukuni, don gaskiya ta faɗa. Ni da kaina na ga yadda takarda ɗaya ta likita ta raba ni da aikin da na ɗauka nawa ne. Na zauna da Kausar na karanta mata takardunki duka. Na nuna mata cewa in muka rabu da gefen rijiya, gidan da muke buri zai koma ɗakuna biyu, wurin gyaran injuna kuma sai dai rumfa a bakin titi. Ta ce rumfa ma wuri ce. Ta ce kuma in za a rubuta, a rubuta da sunan matar, kada a sa na wani namiji a madadinta.

Saboda haka ki tara mutanen da kika tara da farko, ki karanta musu wannan, kuma a wannan karon na san abin da nake faɗa. Ni Abdurrahim ɗan Badamasi, da hankalina, na ba Inna Mairo rabin gonata ta bayan Kambarawa, daga rijiya zuwa iyakar kudu. Kyauta ce, ba aro ba. Tata ce, ta magadanta ce, ta sayar ko ta dasa ko ta gina. Na wakilta Baba Salihu ya kai maganar kotu a rubuta, masu awo su kafa duwatsun iyaka, a nema mata takardar mallaka ta gwamnati. In ta ce wannan ma kuskure ne, ki ce mata na yi wata biyu ina tunaninsa.

Naki,
Abdurrahim.

*

Katsina,
Watan Satumba.

Zuwa ga taubashina Abdurrahim, sarkin ruwa mai murabus,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida mani Kausar gaisuwa ta musamman, ka ce mata na yarda ta fi ka hankali, abin da na daɗe ina zargi. Mu duk lafiya. Yanzu da ka sami na'ura ba ka da sauran uzurin ƙin jin maganata.

An yi komai. Na karanta a zaure, Inna Mairo ta sa na maimaita "kyauta ce, ba aro ba", sannan ta tambayi Baba Salihu ko sayar da rabin zai ishe ka ka tsaya da ƙafarka. Sai da ya rantse mata dillalai har sun fara zarya a kan gefen hanya, sannan ta ce ta karɓa. Baba Salihu da ƙafarsa mai ciwo ya yi ta hawa da sauka a kotu, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Ta dangwala yatsa, an kafa duwatsu. Takardar gwamnati an ce sai an yi haƙuri, ka san halin ofis, amma ta kotu tana hannunta, kuma ƙungiyar matan nan sun karɓe ta sun sa ta a layin injin ban-ruwa. Habibu ya dawo da iyalinsa. Wani mai noman aro a maƙwabta ya zo yana tambayata yadda ake rubuta wa mai gona takarda, wai ko shekara goma a yanka masa a rubuce, ya san inda ya tsaya. Na ce ya kawo biro.

Ranar Asabar aka mayar da itatuwan, ana yayyafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun mutu a buhu, ba yadda aka iya. Sauran kuwa, Habibu ya yi ta haƙa rami tana sawa, ba ta bari kowa ya taɓa saiwar ba.

Da aka gama na ɗauka tafiya za mu yi, sai na ga ta nufi tsakiyar gonar ita kaɗai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwallon giginya guda. Na yi dariya na ce haba Inna, giginya? Wannan ai sai jikokin Habibu sun yi furfura kafin a sha inuwarta, ke me za ki samu? Ta durƙusa ta tona rami da hannunta, ta sa shi, ta mayar da ƙasa ta danna. Ta ce, "Zara, tunda nike ban taɓa shuka abin da zai hi ni daɗewa a duniya ba. Bari in ji yadda abin yake."

Na tsaya a bayanta har ta gama. Ka zo da yaran su gan ta.

Taubashiyarka,
Zara.